Ruwa a Cikin Salansa

A Nukkai, in ka ji babur ya tashi da an idar da sallar asuba, ya yi ta gurnani a wuri ɗaya bai je ko'ina ba, kada ma ka tambaya, na Manga Maishanu ne. Maƙwabta tun suna tsaki har suka saba. Mabel mai tuyar ƙosai a bakin titi cewa take da shi take sanin lokacin ɗora kasko. Yakan yi kukansa kamar tsawon shan kofin shayi, sai a ji ɗif, unguwa ta koma hannun zakaru.

Da ba haka abin yake ba. Manga Bafulatani ne, dillalin shanu tun gemunsa yana baƙi, kuma a kan wannan jan babur ya ci rabin rayuwarsa. Kasuwar Iware, Sunkani, rugagen bayan duwatsu inda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau, babu inda bai kai shi ba. Mutum ne da bai iya zama ba. Matarsa Hadijatu takan ce da da hali ko tuwo a tsaye zai ci. Yana kuma da doka guda da kowa ya sani: ba a hawa masa babur. Ba ya ba da aro, ba ya ba da ɗani. Ranar da naƙuda ta kama matar autansa Siraju, Siraju ya shigo a gigice yana neman makulli ya ɗauko ungozoma, Manga ya bar alwala rabi ya je ya ɗauko ta da kansa. An daɗe ana yi masa tsiya da wannan, amma ko a jikinsa.

Sai ido ya fara. Ba ciwo, ba ja, ba hawaye. Gefe da gefe ne kawai suka riƙa rufewa a hankali, har ya zamana yana ganin duniya kamar mai leƙe ta cikin bututu. Abin da ke gabansa sak yana gani, na dama da hagu kuwa sai dai a ba shi labari. Ya ɓoye, don a ganinsa babba ba ya kai ƙarar idonsa wurin yara. Asiri ya tonu ranar da ya kwashi baron mai rake kusa da gada, baron da har yau yake rantsuwa daga ƙasa ya tsiro. Allah ya kiyaye, rake ne ya fi jin jiki, sai gwiwar Manga da ta kurje.

Siraju ya kai shi asibitin ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa zai riƙe abin da ya rage ne kawai. Siraju ya ji duka. Manga kuwa kalmar magani kaɗai ta shiga kunnensa, ya ƙulle a ransa cewa in ya dage da ɗigawa, kafin kaka ido zai buɗe. Kaka ta zo ta wuce, ya ɗaga zuwa wata kakar.

'Ya'ya suka taru a kan a sayar da babur, ko aƙalla a karɓe makulli. Manga ya ce sai dai su zare shi daga hannun gawarsa. Aka kai ruwa rana, daga ƙarshe Hadijatu ce ta raba gardama. Makulli zai zauna a aljihunsa, amma babur ba zai tsallake dokin ƙofar zaure ba sai likita ya yarda. Manga ya ɗauki alkawari a gaban 'ya'yansa, kuma duk taurin kansa ba a taɓa kama shi da saɓa magana ba. Babu wanda ya sa masa kwaɗo, da bakinsa ya kulle kansa.

Daga nan duniyarsa ta dawo tsakanin ɗaki, zaure, da masallacin da ke ƙofar gida. Abokan dillanci tun suna zuwa gaishe shi har ƙafa ta ɗauke, don kasuwa ba ta jiran kowa. Wayar da ke hana shi cin abinci a da sai ta wuni ba ta yi tari ba. Ya tsani zaman nan, ya tsani bangon zauren, wani lokaci har ya tsani muryar Hadijatu in tana cewa lokacin ɗiga magani ya yi, ko da yake ya san ba ta da laifin komai. Abu ɗaya ya rage masa da zai riƙe, shi ne ranar da ido ya buɗe ya tarar da babur ɗinsa yadda ya bar shi.

Sai ya shiga yi masa kiwon da ya iya, irin wanda ake yi wa ɗan maraƙi. Kullum da ya dawo daga masallaci zai yaye tamfol, ya yaye tsohon bargon da ke ƙarƙashi, ya zare tsumman da ya cusa a bakin salansa, bututun da hayaƙi ke fita, ya buga kik. Zai zauna a kai ya bar shi a sulo, yana ɗan murza totur. A wannan ɗan lokacin yakan lumshe ido ya kama hanyar Sunkani a zuci, ya kauce wa ramin da ke bayan gada, ya ɗaga wa masu gyaran taya hannu, ya ji ƙamshin gonakin masara. Da ya ji inji ya ɗan ɗauki ɗumi sai ya kashe, don hayaƙi yana sa Hadijatu tari. Nan take zai mayar da tsumma ya danna da kyau, saboda zanzaro ya taɓa yi masa gini a ciki. Ya ɗebo ruwa a buta ya wanke tayoyin da ba su taka ko'ina ba, ya wanke salansa, ya lulluɓe da bargo tun da sauran ɗumi, ya ja tamfol har ƙasa ya danne gefensa da duwatsu. Kada sanyi ya kama shi, in ji shi. Ko jikokinsa ba su samu wannan gatan ba.

Daminar bana kuwa ta zo da ƙarfi. Gidan ba shi da nisa da kogi, daɓen zauren kuma na ƙasa ne, sai danshi ya riƙa tasowa har gindin bango ya yi gansakuka. Manga ya ƙara wa babur buhu a kan bargo.

Tun da ido ya ja baya kunne ya karɓi aiki, shi ya sa shi ya fara ji. Wata safiya ya buga kik, sai ya ji muryar babur ɗin ta canza. A ƙarƙashin gurnanin da ya sani akwai wani fat-fat ƙarami, a cikin salansa kuma wani abu yana kacau-kacau kamar tsakuwa a gwangwani. Ya ce wa kansa mai ne ba shi da kyau. Washegari abin ya ƙaru.

Hadijatu ta shigo da tsintsiya ta tsaya.

"Malam, mashin ɗinka fa yana fitsari."

"Wane irin magana ne wannan da sassafe?"

"To ga shi nan a ƙasa, wani jan ruwa kamar na kanwa. Jiya ma na share."

Ya jira ƙarfen ya huce, ya durƙusa da gwiwar nan da ba ta gama yafe masa ba, ya bi cikin salansa da yatsa. Sama sumul take, yadda ya saba goge ta. Can ƙasa ya ji wani ƙullutu kamar bororo. Ya ɗan danna, yatsansa ya burma ciki. Ya daɗe a durƙushe da yatsa a cikin ramin, yana jin sanyin ruwa yana bin hannunsa, har Hadijatu ta ajiye tsintsiyar ta fita.

Mutum ɗaya ne a Jalingo Manga ya yarda ya sa wa babur ɗinsa sifana, shi ne Faruk mai walda, wani Babarbare da ke da gareji a Abbare. Sa'o'in juna ne, kuma wasan Fulani da Barebari bai taɓa barin su sun gaisa kamar mutanen kirki ba. Da hantsi keke Napep ya sauke Faruk da jakar kayan aiki.

"Ina bawan nawa?" Tun daga waje yake ɗaga murya. "An ce Fulata ya shiga kulle, na zo in ga ko an sa masa lalle."

"Shigo, Kolejo. Ka cire takalmi, gidan ubangidanka ka zo," in ji Manga, yana ramawa da sunan da Fulani ke kiran Babarbare.

Faruk ya yaye tamfol, ya yaye buhu, ya yaye bargo, yana cewa ko amarya ba a yi mata wannan rufin. Ya tsuguna ya kwance salansar, ya fita da ita bakin ƙofa ya karkata ta. Manga bai ga komai sosai ba, amma ya ji zubar ruwa a ƙasa, ya ji ɓarɓashin ƙarfe yana biyo baya, wani wari mai tsami ya bugi hancinsa.

"Wa ya zuba mini ruwa a ciki?" in ji Manga. "Wallahi ko ɗigon ruwan sama bai taɓa mashin ɗin nan ba. Ko wajen shara ne?"

"Kada ka ɗauki alhakin Hajiya. Faɗa mini yadda kake yi da shi."

Manga ya gyara zama ya zayyana masa duka, da alfahari, tun daga kik har duwatsun danne tamfol. Faruk ya fara dariya tun a wurin tsumma, da aka zo bargo sai da ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Da ya ɗago ya dubi fuskar abokinsa sai dariyar ta yanke.

"Manga, kai ka zuba ruwan."

"Ni?"

"Kai da hannunka. Mai in ya ƙone ba hayaƙi kaɗai yake fitarwa ba, har da tururi. Da safe salansa yana da sanyi, tururi ya shiga ya zama ruwa, kamar murfin tukunya. In ka hau hanya ka yi nisa, ƙarfe ya yi zafi sosai, ruwan ya ƙone ya fita abinsa. Shi ya sa duk yawon da ka yi a kansa bai taɓa yi maka haka ba. Yanzu kuma kana tada shi daidai ya tara ruwa, sai ka kashe. Ka toshe masa baki. Ka rufa masa bargo. Ga wani ɗan huji nan a ƙasa da aka yi don ruwa ya ɗiga, shi ma tsatsa ya cike shi. Ruwa ya kwana da baƙin hayaƙi ya yi tsami, yana ci daga ciki, kai kana goge waje. Wannan ai shi ne garin neman gira..."

Ya haɗiye sauran.

"Ƙarasa mana," in ji Manga. "An rasa ido."

Faruk ya sunkuyar da kai yana jujjuya sifana. Tun da suke bai taɓa jin kunyar Manga ba sai ranar. Ya naɗe salansar a buhun da aka rufe babur da shi, ya ce gobe zai dawo.

Ya cika alkawari. Ya yanke inda ya ruɓe ya yi faci, ya kankare tsatsa, ya fesa baƙin fenti mai jure zafi, ya buɗe ɗan hujin nan na ƙasa. Ya zo da katakai ya shimfiɗa, suka ɗora babur a kai don ya rabu da danshin ƙasa. Bargo kuwa ya miƙa wa Hadijatu ya ce ta ba mai jin sanyi. Ya kama hannun Manga ya bi da shi kan facin don ya ji.

"In laka ya taɓa, a wanke a bar shi ya bushe ƙarau, sannan a shafa ɗan baƙin mai da tsumma. Ba a rufe shi da danshi. Iska yake so."

"In ta sake hujewa sai mu sa sabuwa."

"Na kasuwa yanzu gwangwanin madara ne, damina ɗaya ya gama. Naka na asali ne, ba za ka samu irinsa ba. Wannan karon na samu naman da walda zai kama. In ya sake ruɓewa, babu inda zan kama, gaskiya nake gaya maka." Ya goge hannu a riga. "Hanya biyu ne. Ko a hau shi duk mako ya yi tafiya mai nisa, kamar Sunkani a dawo. Ko in juye mai, in shafe cikin salansa da baƙin mai, a kwantar da shi, ka daina tada shi sam."

"In na bar shi yana kuka a nan har ya bushe fa?"

"Injin nan iskar hanya yake sha. Ka bar shi a tsaye ya daɗe, zai ƙone. Ka ceci salansa ka kashe mashin."

Manga ya kau da kai, Faruk ya ci gaba.

"Ba ka da ɗa ne? Ga Siraju nan a gida ɗaya da kai."

"Ba a hawa mini mashin."

"To ya tuƙa ya goya ka, ka sha iska."

"Ni?" Manga ya zabura. "A shiga da ni Sunkani a bayan yaro kamar buhun masara, mutanen da na yi wa cinikin shanu suna kallo? Kolejo, in ba ka da magana ka tashi ka tafi."

"Na tafi, Fulata. Amma ƙarfe ba ya jin Fillanci, ka sani."

Gaba kura, baya siyaki. Manga ya ƙi a juye mai, amma ya zaɓi ya daina tada shi tukuna. Washegari ya dawo daga masallaci ya tsaya a kan babur, ƙafarsa da kanta ta nemi kik, ya janye ta. Ya hau ya zauna, ya riƙe hannuwan babur ɗin, ya lumshe ido yana jiran hanyar Sunkani. Ba ta zo ba. Ashe ƙarar ce take kawo ta. Abin da ya ji kawai shi ne ɗigar ruwa daga indararo da Hadijatu tana hura wuta.

Kafin rana ta ɗaga sai ga Mabel da ƙosai a leda, ta tsaya a bakin zaure tana leƙe.

"Baba, lafiya kuwa? Jiya da yau mashin bai yi kuka ba, har na makara. Na ce ko jiki ne."

"Lafiya lau, Mabel. Useko, na gode."

Bayan ita liman ya aiko a ji. Da la'asar maƙwabta biyu suka shigo suna yi masa sannu da murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi wa wanda aka fara fid da rai da shi. Manga ya amsa yana cizon haƙora. Sai a ranar ya gane cewa da wannan gurnanin yake gaya wa unguwa yana nan, kuma zai fito.

Kwanaki suka ja. Ya daina tambayar ko wace kasuwa ke ci yau. Abinci in an kawo ya taɓa kaɗan ya ture. Ya yi wa Hadijatu faɗa a kan gishiri, ya yi mata a kan buta, ya yi mata a kan ta cika shiru. Ita kuwa ta san ba da ita yake ba, sai ta ɗauke kwano ta ce Allah ya ba da haƙuri. Da rana yakan zauna kusa da babur ɗin yana shafa tankinsa, su biyu a zaure kamar waɗanda aka tsare a kan laifi ɗaya. In ya tada shi ya cuce shi, in ya bar shi kwance ya yarda ke nan cewa an gama. Zuciyarsa ta ƙi ɗaukar ko ɗaya.

Ran wata Asabar aka wayi gari ruwa ya ɗauke, sama ta wanke tas. Manga ya dawo daga masallaci, ya zauna a zaure har rana ta fito, yana jin motoci suna wucewa a babban titi, masu zuwa kasuwa suna kiran juna. Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ƙafa ta samu kik, bugu ɗaya babur ya amsa.

Muryar ta dawo. Babu fat-fat, babu kacau-kacau, gurnani ne mai kauri irin na shekarun baya, har cikin ƙirjinsa yake jin sa. Hawaye suka taru masa, ya bar su. Sai maganar Faruk ta faɗo masa: yanzu haka tururi yana taruwa a cikin ƙarfe mai sanyi. Tunda ya tayar, in ya kashe ya zuba ruwa ke nan. Saura tafiya.

Ya sauke shi daga kan katako, ya tura. Tayar gaba ta hau dokin ƙofa ta sauka, ta baya ta biyo. Alkawarin da ya ɗauka a gaban 'ya'yansa ya tsaya masa a rai, kunya ta kama shi, amma ya ce da kansa Sunkani ce kawai, hanyar da zai iya bi ko da an ɗaure masa fuska. Ya ɗaga ƙafa ya hau.

Ya ɗago kai ya dubi layin. Abin da ya gani bai fi faɗin faifai ba: jar ƙasa, da ɗan kududdufi, da ƙafar wani teburi. Ya juya dama ya ga bangon maƙwabci, hagu ta ɓace. Ya juya hagu, dama ta ɓace. A zaure bai san abin ya kai haka ba, don ya haddace inda komai yake. Wani keke ya wuce ta gefensa, kusa har iskarsa ta kaɗa masa riga, bai ga ko inuwarsa ba. Ya ji muryoyin 'yan makarantar Islamiyya sun fito daga wani lungu, suna dariya, suna ta ko'ina, a gabansa, a gefensa. A cikinsu duka abin da ya gifta ta idonsa wani ɗan takalmin roba ne shuɗi, ya shigo ya fita.

Ya matse kuloci ya sa giya. Babur ya ɗan zabura a ƙarƙashinsa, a shirye. Abin da ya rage ya saki yatsu kawai. Sai tsoro ya kama shi, tsoro sosai, irin wanda bai ji ba ko a dajin da ake tare hanya. Yau ba rake ba ne a gabansa. Maganar da likita ya yi tun bara, wadda ya bari a bakin ƙofar asibiti, sai yanzu ta iso kunnensa: abin da ya tafi ya tafi.

Ya mayar da giya firi.

"Malam."

Hadijatu ce a bayansa. Bai san tun yaushe take tsaye ba, kuma ba ta ƙara komai a kai ba. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi.

"Kira mini yaron nan," ya ce, bai waiwaya ba.

Siraju ya fito daga sashensa da singileti, yana ganin babur a waje da mahaifinsa a kai ya yi turus. Manga ya sauko a hankali, bai kashe ba, yana riƙe da hannun babur ɗin.

"Je ka sa riga. Za ka kai shi Sunkani."

"Baba, ni?"

"Akwai wani ne a bayanka? Yi sauri, yana tara ruwa."

Siraju bai gane zancen ruwa ba, amma ya ruga ya dawo yana ɓalla maɓalli. Magidanci ne mai 'ya'ya, malamin makaranta da ya shekara yana hawa mashin ɗin abokai, amma ya zauna a kan wannan a ɗofane kamar wanda aka ba kujerar surukinsa.

"Kada ka tsaya a hanya, kada ka kashe shi sai ya yi zafi sosai. Giya ta biyu tana da gardama, ka lallaɓa ta, ba a yi mata ƙarfi. Akwai rami bayan gada, ka bi ta hagu. In ka taka laka, ka dawo mu wanke tare."

"To, Baba." Siraju ya waiwayo. "Ka hau mana mu je. Zan bi a hankali, wallahi."

Manga ya ji bayan kujerar a ƙarƙashin tafinsa, wurin da ya goyi mutane ba iyaka, shi bai taɓa zama ba. Ya ɗan daɗe da hannu a wurin. Ya tuna rumfar dillalai a Sunkani, da yadda za su miƙe su taro shi su riƙe masa hannu ya sauko.

"Tafi," ya ce, ya ɗauke hannunsa.

Babur ya ja. Manga ya yi ƙoƙarin bin sa da ido, ya kama jan tanki da bayan rigar Siraju, kafin ya kifta sun fita daga ɗan abin da yake gani. Ya juya kai yana nema, bai same su ba. Sai ya tsaya da kunne.

Bai taɓa jin wannan ƙarar ba. Duk tsawon shekarun nan a kanta yake zaune, tana tafiya tare da shi, ba ta raguwa. Yau ga ta tana barin sa. Ya ji ta sauka layin, ta ɗan lafa a kwanar Mabel, ta hau kwalta. Ya ji giya ta biyu ta yi gardamarta ta shiga. Ƙarar ta yi ta sirancewa tana shiga cikin ta motoci, yana tsamo ta, tana sulluɓewa, yana sake tsamo ta, har ya kai ga bai san ko ita yake ji ko kunnensa ne ke yi masa alheri ba.

Ya daɗe a tsaye a ƙofar gida, hannuwansa ba su san inda za su zauna ba.

"Hadija," ya ce, "haka yake yi in ya tafi?"

"Haka yake yi."

"Har ina kike jin sa?"

"Har gada. In iska ta juyo, ya ɗan wuce gada kaɗan."

"Daga nan fa?"

"Daga nan sai jira."

Ta kama hannun rigarsa, abin da ba ta taɓa yi a waje ba, ta bi da shi ta zaure zuwa tsakar gida. Ba ta nufi ɗakinsa ba. Ta kai shi can kusurwa bayan madafa, inda katanga ta ɗan yi ƙasa ta fuskar titi. Akwai wani tsohon turmi a kife a wurin. Ta ɗora hannunsa a kai, ya ji gindinsa ya yi santsi, ya ɗan lotsa a tsakiya. Gidansa ne, shi ya gina shi, amma bai taɓa sanin da turmin nan ba.

"Zauna nan," ta ce. "Daga nan ake fara jiyo shi in zai dawo."

Manga ya tattara rigarsa ya zauna.